Jan Layin Kawu Tankari

Kowa a Dogon Dutsi ya san Kawu Tankari, ƙanen mahaifiyata, ba ya gaishe ka sai ya fara leƙa gindin katangarka. Tsohon ma'aikacin awon ƙasa ne. Tun da aka sa shi cikin masu zana taswirar inda kori, wato ƙoramar garinmu, ke cin gaɓa idan damina ta yi ƙarfi, muka shiga uku. Duk wurin da ruwa zai zaizaye sai a ja masa jan layi, shi ko Kawu ka ce shi ya haifi layin nan.

Ranar sunan ɗan maƙwabcinmu Bawa, ya karɓi goronsa, ya shafa addu'a, sannan ya ce, "Barka dai. Amma ɗakin ga da anka haihi yaro ba shi ganin aurenai." Aka daina gayyatarsa suna. Bai daina zuwa ba.

Ni ma ban tsira ba. Na ɗebo yashi a bakin kori, amalanken jaki cike, zan yi gini, sai ga shi tsaye a tsakiyar hanya.

"Mai da mishi abinai, ɗana. In ba ka kai mishi ba, shina zuwa biɗa har gida."

Na juya jaki, 'yan kabu-kabu na ta yi mini dariya.

To, da aka kammala taswira, sai ga jan layi ya ratsa tsakiyar gidan Kawu, ta kan ɗakin marigayiya matarsa, Inna Hadiza. Abokan aikinsa suka ce a ɗan gusa da layin, ai ba wanda zai sani. Ya ce in ya kau da nasa, da wane baki zai ce wa Bawa ya tashi? Ya kwaso tabarmarsa da butarsa ya dawo zaurena. A lokacin na ji tausayinsa ƙwarai, don na ga yadda ya daɗe yana rufe ƙofar ɗakin nan.

Duk ruwan da aka yi sai ya aike ni in dubo. In na ce kori bai ci gidan ba, sai ya murtuke fuska ya ce yana nan tafe.

A daminar da ya kwanta ciwo, na dubo na dawo.

"Ya ci?"

"Bai ci ba, Kawu. Ɗakin Inna na nan tsaye."

Sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya juya fuskarsa bango.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya makwancinsa, ya sada shi da Inna Hadiza a gidan da ba a tashin kowa.