Ranar da Modu Mai Karta Ya Yi Maguɗi

A shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Lafiya, babu wanda bai san Modu Mai Karta ba. Babarbare ne ɗan gari. Ya yi kuku a gidan wani Baturen reluwe, ya fito da ilimi biyu: suyar ƙwai da wasan ashirin da ɗaya. Ƙwan bai tsinana masa komai ba. Wasan kuwa da shi ya ci abinci har ya yi furfura.

Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa kusa da tasha. Ya ba kowa kati biyu, ya ba kansa biyu. Kati mai ɗigo, ɗigon ake ƙirgawa. Masu hoton mutum goma-goma ne. Mai ɗigo ɗaya tal kuwa, ka ga dama ka ce ɗaya, ka ga dama ka ce sha ɗaya. Abin nema shi ne ka fi mai rabo kusantar ashirin da ɗaya, in ka zarce ka ƙone. Da yake leburorin Tibi ne da Egon da Alago, wani ko sannu bai iya ba, sai Modu ya kafa doka. In ya ce "A ƙara?" wanda katinsa ya ishe shi ya ce "Ya isa," ko ya ɗaga masa tafin hannu. Wanda ya sunkuyar da kai, ƙari yake so. Da dokar nan ya taɓa raba wani ƙaton lebura, Baballe, da rigarsa, bawan Allah ya sunkuya ne kawai zai sosa ƙafa. Amma maguɗi? Allah ya kiyaye! Ɗan caca ne, tinƙahon gaskiya kuwa ya fi na liman.

A tabarmar nan ya cinye jar saniyar wani saurayin Bafulatani daga Adogi, Dabo. Abin duniya, shekara na zagayowa Dabon nan ya auri Rabi'a, 'yar Modu ɗaya tilo. Tun daga nan ya daina bi ta gindin ɗorawa, ko inuwar surukinsa ya hango sai ya sake hanya. Sai annoba ta share garkensa, ta bar masa saniya guda, ita ma ba ta tatsuwa. Ga Rabi'a ta haihu, nononta ba ya isar jaririyar.

Abin ya hana Modu sukuni. Ya aika da jar saniyar, da yake ita tana tatsuwa, Dabo ya maido ta ta hannun ɗan aike, da gaisuwa mai yawa: abin da aka ci a caca ba ya komawa sadaka. Modu ya ce to, a caca ta tafi, a caca za ta koma. Ya aika a kira shi, saniya da saniya, hannu ɗaya. Kiran suruki ba a ƙin sa. Dabo ya zo ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gefen tabarma, jama'a suka yi cincirindo.

Ran nan Modu ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya jera katin tun daga gida. Ya ba Dabo masu hoto biyu, ashirin cif, ya ba kansa sha bakwai. Saura kalma biyu saniya ta koma gida.

Ya ce, "A ƙara?"

Dabo ya sunkuyar da kai.

Kai, Modu! Shekara nawa kana zaune da Fulani? A bayan ido suna iya mai da kyauta, amma a gaban idon suruki wa zai buɗe baki ya ce ya isa? Balle a ɗaga masa hannu kamar ana tsai da jaki!

Gumi ya karyo wa Modu. Ya ce, "Ɗana, duba katinka da kyau. Ko ya isa?"

Dabo ya ƙara dulmiya kai, har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

Baballe ya yi tsalle ya ce, "Ya sunkuya, Baba Modu! Har sau biyu! Ko dokar ta talaka ce kawai?"

Jama'a suka ɗauka. Modu ya dubi katin da ke sama, wanda bai damu ya jera ba, ya juya shi. Ɗigo biyar. Dabo ya ƙone.

Kafin sati ya cika an ɗaure saniya ta biyu a ƙofar gidan Modu. Dabo ya kwashi Rabi'a da jaririyar, suka nausa can bayan Obi yana yi wa wasu kiwo. Modu bai sake ganin jikarsa ba sai da ta yi wayo, ta gaishe shi da Fillanci, ta ɓuya bayan uwarta.

Ya naɗe tabarmar, bai kuma shimfiɗa ta ba. Amma sunansa ya tafi. Har ya tsufa, in ya ratsa kasuwa sai ka ji ana nuna shi ana cewa, "Ga Modu mai gaskiya nan, wanda ko surukinsa bai ɗaga wa ƙafa ba." Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai, ya wuce.