Saƙon Umma A'i da Ban Kawo Maka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, 12 ga Fabrairu, 2019, da ƙarfe ɗaya da minti arba'in na rana, Yaya Sanda Ibrahim ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar shagon aika kaya (kago) da yake aiki a unguwar Al Sabkha ta Dubai, yana dawowa daga sallar Azahar. Abokin aikinsa, Souleymane ɗan Maraɗi, shi ya raka shi asibiti, kuma shi ya shaida mini cewa rai ya yi halinsa ƙarfe biyu da minti ashirin da biyar. Takardar likita ta ce zuciya ce. Shekarunsa arba'in da ɗaya, sha ɗaya daga ciki a Dubai ya yi su. An yi jana'izarsa a nan ranar Alhamis. A lokacin da ya faɗi ina kan duwatsun Hatta, wayata a kashe.

Yaya Sanda, katanga ɗaya ce tsakanin gidanku da namu a Kurna. Da na samu gurbin jami'a, kai ka aiko mini da kwamfutar da na yi karatuna duka a kanta, ka ce ta wani ce da ya daina amfani da ita. Sai daga baya na ga ko ledar fuskarta ba a cire ba. Da mahaifina ya kwanta jinya, duk Juma'a bayan masallaci sai ka kira shi, kuna hirar farashin taki kamar kana da gona. Souleymane ya ce haka kake a nan ma: baƙon da ya ɓata a yankinku na Deira, indai ya yi Hausa, shagonku ake nuna masa.

Mu goma sha biyu ne muka shirya tafiyar nan, duk abokan karatu, don murnar kammala bautar ƙasa: kwana huɗu muna takawa a ƙafa cikin duwatsu. Da mahaifiyarka, Umma A'i, ta ji zan zo garin da kake, ta kwana biyu tana haɗa maka saƙo. Ta ce akwai dambun nama, da kuka, da yaji, da daddawa. Ta zuba a ƙaramin buhu ta ɗinke bakinsa da zare. Ta ce mini, "Ɗalhatu, hannu da hannu. Kada ka ba kowa ya kai masa."

A filin jirgin Kano jakata ta zarce kilo ashirin da ukun da aka yarda da kilo uku da ɗigo takwas. Buhun Umma kilo huɗu ne. A cikin jakar akwai takalma biyu na hawan dutse, da rigar sanyi mai nauyi da ban sa ba ko sau ɗaya, da ƙafar kyamara. Na tsaya na duba su duka, sannan na ciro buhun. Akwai kuma wani dalili da ya kamata in faɗa: tun a mota abokan tafiya suke tsokanata da warin daddawa. Na ba ɗan uwana Sabo buhun, na ce ya ajiye a ɗakina, kada Umma ta gani.

Mun sauka ranar Asabar, 9 ga wata, ƙarfe goma da kwata na safe. Ka bar aiki ka zo tarbarmu, alhali ni kaɗai ka sani a cikinmu. Ka saya wa kowa katin jirgin ƙasa, ka nuna wa Wasila, shugabar tafiyarmu, tarago na mata. Ka karɓi jakata ka ɗaga ta da hannu ɗaya, ka yi dariya.

"Ashirin da uku cif. Ɗalha, wa ya koya maka awo haka?"

Shekara sha ɗaya kana ɗaga buhunan mutanen Kano. Ka san nauyinsu, ka san ƙamshinsu. Ka riƙe jakar nan tun daga filin jirgi har otal ɗinmu a Deira, ba ka tambaye ni komai ba, domin ba a tambayar baƙo saƙo tun bai sha ruwa ba.

Da la'asar ka tsallaka da mu ruwa a kwalekwalen da suke kira abra, ka saya mana shayi. Ka kalli ƙafata, ka ce sabon takalmi ba ya hawan dutse sai ya ci naman mai shi. Muka shiga wani shago ka sayo mini safa mai kauri da filasta, ka durƙusa a gefen titi ka nuna mini inda zan liƙa a dunduniya. A nan, kana durƙushe, na ce maka Umma ta ba ni saƙo, amma yana can ƙasan jaka, sai mun dawo daga Hatta zan kawo. Ka ɗago kai ka dube ni na ɗan lokaci.

"Khalas, shi ke nan, ba gaggawa. Ka je ka hau dutsenka. Umma dai tana lafiya?"

Na ce lafiya lau. Ban sake ganin ka ba.

Ranar Litinin da yamma na kunna waya, na ga ka kira sau biyu: huɗu da minti shida, da huɗu da minti tara. Na ji tsoron kada ya zama zancen saƙon ne. Na sake kashe ta.

Ranar Laraba, bayan labarin rasuwarka ya riske mu, na kira Umma in yi mata gaisuwa. Cikin kuka ta ce abu ɗaya ne ya sanyaya mata rai, cewa ɗanta ya ci abin hannunta kafin ya tafi. Ban gyara mata zancen ba, na bar ta da wannan kwana biyu. Jiya Juma'a da hantsi na sake kiran ta na faɗa mata komai, kamar yadda na rubuta a nan. Ina jin motsin masu zaman makoki a bayanta. Sannan ta ce in sa Sabo ya kai buhun masallacin unguwa a raba, ladan ya je maka. Ta ce ta yafe. Sabo ya kai bayan sallar Juma'a.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya Sanda, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya saka maka da alherin da ka yi wa baƙi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Umma A'i, da matarka Anti Saratu, da 'ya'yanku uku, da Souleymane da sauran mutanen shago. Allah Ya ba su haƙuri.

Abin da na tabbatar na rubuta. Saura waɗanda ban sani ba.

Ban san dalilin kiranka na ranar Litinin ba. Souleymane ma bai sani ba.

Ban san ko Umma ta faɗa maka girman buhun tun kafin in taso ba. Ban iya tambayar ta ba.

Ban san ko ka gane tun a filin jirgi, ka rufa mini asiri a gaban abokaina, ko kuwa ka rasu kana jiran in kawo.

Jirginmu zai sauka Kano gobe Lahadi, kuma ba a shiga gidanmu sai an wuce ƙofar Umma. Ban san yadda zan ɗaga ido in gaishe ta ba.