Buhun rairai a jirgin feshi

Shekarun baya, ba a daɗe da ba mu jiharmu ba, jan-baki suka sauko wa shinkafarmu a fadamar Argungu. Tun asuba muke kaɗa gwangwani har murya ta dishe, tsuntsayen nan ko a jikinsu. Gonata guda ce, ita ke ci da gidana.

Sai aka ce an kawo ƙaramin jirgin sama Birnin Kebbi zai yi musu feshi, ana neman wanda ya san makwancinsu. Ƙanena ya sani. Na ce ƙafata ƙafarshi, don ni ban yarda da aikin da idona bai gani ba.

Muna isa filin na hangi wani ma'aikaci ya cika buhu da rairai, ya kai cikin jirgin ya ɗaure. Na daɗe ina awon shinkafa a kasuwa, na san abin da rairai ke yi cikin buhu. Na je na tsaya gaban jirgin.

"Maganin kun sayar, rairai za ku watsa muna?"

Ƙanena ya ce, "Yaya, don Allah ki rufa muna asiri."

Na ce, "Rufe min baki."

Matuƙin ya sauko, wani siriri kamar karan dawa, yana dariya.

"Inna, kin taɓa shiga kwalekwale?"

"Cikinshi na girma."

"In kaya suka taru a baya fa?"

"Goshi ya ɗaga, a sha ruwa."

"To haka nan sama. Wanda ya saba tuƙa shi ƙato ne, ni ko kin gan ni. Buhun ga shi ne sauran naman da Allah bai ba ni ba."

Ban yi dariya ba. Na ce a nuna min maganin. Ya buɗe tankin, wari ya buge ni har na yi tari. Sannan na kauce, ina gyara mayafi kamar dama wucewa zan yi.

Da la'asar sakaliya jirgin ya bi ta kan fadama a miƙe, bai karkata ba. Ba duka gonar ta tsira ba, gefen gulbi tsuntsayen sun riga sun cinye. Amma mun yanka, mun sussuka, mun kai damina da ita.

Har yau ina bincike, ban fasa ba. Sai dai yanzu nakan yi tambaya kafin in tare hanya. Jirgin nan da an tashe shi ban kauce ba, da ba ni ke ba ku labarin ga ba.