Malam Altine da hotunansa na ban-ruwa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Altine ya rasu.

Ƙarfe bakwai saura na safiyar yau Malama Rifkatu ta kira ni ina Wurno. Ita ke koyar da zane a sakandaren da na gama a Goronyo, kuma ba ta taɓa kirana da safe ba. Ta ce jikin ya tsananta bayan asuba, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Sau biyu na tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce a ƙofar gidan take tsaye.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Na dawo na kasa cin abinci, shi ne na zauna rubutu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malamin gona ne. Yana aiki da manoman rani na ƙasan dam tun ban shiga firamare ba. Bai karanci kwamfuta ba, da kansa ya koyi yin hotuna masu motsi. Malama Rifkatu ta zana, shi ya sa su motsi. Za ka ga fadama a sikirin, ka danna ƙofar ruwa ta buɗe, ruwa ya bi hanya yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. In ka bar shi ya kwanta, albasar ta yi ɗorawa ta faɗi. Akwai hoton da ke nuna gonakin da ruwa ke fara ci in aka saki dam.

Guda ashirin da uku ne. Na ƙirga.

A zaurensa na fara taɓa kwamfuta. Shi ya sa mini suna Bari-in-duba, saboda ko ƙarfe nawa aka tambaye ni sai na duba sau biyu. Ranar da zan tafi jami'a shi ya kai ni tasha a babur ɗinsa, ya ɗaura mini rabin buhun albasa, wai kada a ji ɗan fadama yana sayen albasa a birni.

Da manhajar wani kamfani ya gina hotunan, irin wadda sai an sa wa burauza, wato manhajar shiga intanet, wani ɗan ƙari da ake kira fulogin kafin ta buɗe. A lokacin kowa da ita yake aiki, ba kuskurensa ba ne. Daga baya wayoyi suka ƙi ta, burauza suka cire ta, kamfanin ma ya daina kula da ita. Wata safiya a ƙauyen Sisawa, manoma sun taru, ya kunna ya ga fili fari. Ya kira ni ina makaranta. Kwana biyu ina bincike, sannan na ce ya mayar da kwanan watan kwamfutar baya, kuma kada ya sake haɗa ta da intanet. Ta yi aiki. Tun ranar kwamfutar take zaune a shekarar da ta wuce tuntuni. Ya liƙe ramin wayar intanet da salatif. Asalin fayilolin da ake gyarawa kuwa bairos ya cinye su da daɗewa, waɗanda aka kammala kawai suka rage.

A kan wannan na yi aikina na ƙarshe a jami'a. Na rubuta cewa abin da kamfani ɗaya ke riƙe da mabuɗinsa, ranar da ya rufe kowa ya tsaya a waje, amma abin da aka gina da HTML, yaren gina shafukan intanet, da sauran ƙa'idojin da ba na kowa ba zai buɗe a kowace waya. Har yanzu na yarda da haka. Na yi wa Malam alkawarin sake gina dukkansu ta wannan hanya.

Wata takwas ke nan. Biyu na gama.

Ina auna kowane motsi ne, daƙiƙa nawa ruwa ke ɗauka daga wannan fangali zuwa wancan, don kada in canza masa komai. Na gwada manhajar da 'yan sa-kai suka yi don buɗe tsofaffin fayiloli irin nasa. Hoton yana fitowa, amma a guda goma sha huɗu ƙofar ruwan ba ta amsa dannawa.

Kwana tara da suka wuce na je wurinsa, shi ne ganina da shi na ƙarshe. Ya rame, amma bakin yana nan. Ya ji bayanina har ƙarshe, sannan ya nuna mini wani buhun iri da ke gefensa.

“Bari-in-duba, aje wayarka nan bisa ka ɗauka. Ni in danna in yi bayani, kai ka tura ma mutane. Mi kaka jira?”

Na ce a'a, Baba. Na ce bidiyo zai kashe dannawar, manomi ya koma ɗan kallo, kuma hoton zai yi dishi-dishi. Na roƙe shi wata biyu.

Ya yi dariya har da tari. “Manomi ba dannawa yaka so ba, ruwa yaka so shi gane. Amma to, kai kas sani.”

Ya sa kwamfutar a jaka ya ba ni, ya ce in tafi da ita in yi sauri.

Ɗazu da na dawo daga maƙabarta na kunna ta, ina son in ji shi. Babu abin ji. Ko ɗaya daga cikin hotunan ba shi da murya. Na san haka, yana cikin littafin da nake rubuta awon hotunan, sau ashirin da uku na rubuta “sauti: babu” da hannuna. Ban taɓa tsayawa na ga abin da hakan ke nufi ba. Bayanin duka a bakinsa yake. Shi ke tsayawa gefe yana faɗa, yana kiran sunan mai kowace gona, ana dariya.

A hoto na goma sha bakwai, ruwa yana tafiya ya kai wani jan layi, ya tsaya, layin ya ƙyafta sau uku. Ban san mene ne layin ba. Na kira Malama Rifkatu, ta ce Malam ne ya ce ta zana shi ta zana, ba ta tambaya ba. Ta ce ta dai tuna in an zo nan tsofaffi kan yi shiru.

Awa ɗaya da rabi ya nema a wurina, ina da waya, tana da caji.

Yanzu fankar kwamfutar tana ƙara, batirinta ya mutu, sai tana jone take tashi. Nan da sati uku zan tafi bautar ƙasa. Ba zan iya barin ta a gida ba, wani zai ga kwanan wata ba daidai ba ya gyara da kyakkyawar niyya. Ina kuma tsoron hanya ta ƙarasa ta.

Don haka ina roƙo. Duk wanda mahaifinsa ko kawunsa ya taɓa zama gaban Malam a Goronyo, Rabah ko Sisawa, ya gaya masa zan kawo kwamfutar zauren Malam washegarin addu'ar uku. Zan kunna su ɗaya bayan ɗaya, waya na ɗauka. Wanda ya tuna abin da Malam ke cewa a wani wuri ya faɗa, ko rabin magana ce, ko da kuskure. Zan tura yadda ya fito. HTML ɗin ya biyo baya.

Ya Allah ka jiƙan Malam Altine, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa kowace gonar da ta tsira ta dalilinsa ta zama shaida gare shi. Ka ba iyalinsa haƙuri. Ni kuma ka yafe mini jinkirina.

Wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku kafin ya wuce.