Igiyar Ƙadri, Gaba Talatin

Ƙadri taubashina ne, ɗan ƙanwar babana. Tun muna yawo ba wando nake da izinin zaginsa, kuma ban taɓa kwana ban yi aiki da izinin nan ba.

Garinmu yana gefen Korgom, cikin jigawa. Mu ruwan da muka sani shi ne na guga. Ƙadri kuwa ya yi shekara bakwai yana cin rani a bakin tafkin Cadi, ya dawo da warin banda a riga da labari a baki. Shekarar da ya dawo ta yi daidai da lokacin da masu gyaran hanya suka ƙwaƙule jar ƙasa gabas da gari, suka bar mana wani ƙaton rami. Damina ta cika shi, ruwa ya ƙi ƙafewa, ma'aikatan gandun daji suka zo da 'ya'yan tarwaɗa da karfasa suka zuba. Kowa na kallon ruwan yana tunanin shayar da awaki. Ƙadri ya hau moto ya tafi Tasawa, ya sa maƙeri ya tsaga mishi tonon gazuwal, wato gangar ƙarfe ta man mota, a tsaye, ya haɗa ɓarin biyu baki da baki, ya shafe ɗinkin da kwalta. Jirgi ke nan. Abin tuƙi kuwa murfin kwano biyu, ɗaya a kowane hannu.

Da shi ya aurar da 'ya biyu, ya yi wa ɗakinsa kwano. Har Sarkin Ruwa muke ce mishi, ko da yake ba wanda ya naɗa shi.

Abu ɗaya ne ke ɓata mishi sarauta: igiya. Kullum zai shiga ruwa sai an ɗaure gindin jirgin da tsohuwar igiyar rijiya, gaba talatin. Ɗaya bakin yana jikin gawon da matarsa Zara'u ke suyar kifi a ƙarƙashi. In an tambaye shi sai ya ce don ta riƙa jijjiga mishi ne in mai ya yi zafi. Ni kuwa na samu abin yi.

"Zara'u, yau ba ki kai ragonki kiwo ba?"

"Alkasim, ka ci kifi ko ka ba mutane wuri."

"Ki sassauta mishi turke mana, ko ya ga duniya."

Shekara goma sha ɗaya ina wannan, yana dariya. Ban san maganar tana taruwa a ransa ba.

Ran nan, ƙarshen damina, gero ya yi kai, bayan la'asar muna zaune gindin gawo mun kai mu ashirin. Wani baƙo mai sayen kifi daga Mayahi ya ɗaga tarwaɗar Ƙadri da yatsa biyu ya ce wannan ai ta miyar gwauro ce. Ƙadri ya ce manyan suna can ƙurya, wajen gangaren da aka fi haƙawa.

Na ce, "Can ƙurya igiya ba ta kai ba, malam. Sarkin namu sai inda uwargida ta auna mishi."

Aka fashe da dariya. Ƙadri bai yi ba. Ya tashi ya shiga jirgi, ya miƙa hannu baya ya kwance ƙullin, ya jefa igiyar a kan laka. Zara'u ta bar matsami cikin mai ta miƙe.

"Malam, mi kake yi?"

"Ki sa mai a babban kasko."

"Malam, dubi gabas!"

Bai duba ba. Mu muka duba. Hadari ya yi baƙi ƙirin a bayan gonaki, amma muka ce ai ya yi kwana uku yana haka ba ya sauka.

Ya wuce iyakar gaba talatin muna yi mishi tafi. Ya jefa ƙugiya. Ba a jima ba muka ga ya karkata, yana ja, wani abu baƙi ya bugi ruwa da wutsiya. Muna cikin ihu iska ta iso. Ta fara kifar da farantin gishirin Zara'u, ta kwashe hular baƙo, sannan ta hau ruwa. Ruwan da muke wanke ƙafa a ciki ya tashi ya yi kunya-kunya kamar gonar rogo, yana dukan tono. Ƙadri ya saki kifi ya rarumi murfin kwano. Ɗaya ya suɓuce. Da ɗayan, duk tuƙin da ya yi sai jirgi ya juya a wuri guda, iska na tura shi can wajen gangaren, inda bango yake a miƙe, ba wurin dafawa. Ya bar tuƙi ya koma kwarfar ruwa daga cikin jirgi.

Har lokacin akwai masu dariya. Wani ya ɗaga murya, "Ka bar musu tonon ka yo iyo, Sarki!"

Zara'u ta juyo. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Wane iyo? Bai iya ruwa ba! Shekara bakwai ɗin nan banda yake yi a tudu, ko gwiwa bai taɓa jiƙawa ba. Ku kuma wa ya iya cikinku?"

Babu. Mu ashirin, maza, ba mai iya tsallake kwalabati in ta cika da ruwa.

Wani ya ce a zagaya ta bayan gangare. Zagayen ya fi tafiyar zuwa kasuwa, kuma jirgin ya riga ya nutse rabi. Zara'u ba ta saurari kowa ba. Ta ɗauki bidon ruwanta, jarkar roba, ta tuttule, ta murɗe marufi, ta ɗaure bakin igiya a hannunsa, ta wurga cikin tabki. Iskar da ta tafi da mijinta ta ɗauki bido, yana tsalle bisa ruwa, yana bin sawunsa. Igiya na warwarewa a ƙafafunmu, muna kallo, har ta miƙe ta tsaya cak. Saura kamar gaba goma.

Zara'u ta ce, "Ku ƙara!"

Muka kwance ta daga gawo. Aka ciro igiyar san amalanke aka ƙulla, aka ƙulla rawanin liman, Zara'u ta ba da gyalenta. Saura kaɗan, kuma babu sauran abin ƙullawa. Sai ta dube ni.

"Kai ka fi kowa tsawo. Ka riƙe ka shiga."

Na shiga. Gwiwa, ƙugu, ƙirji. Laka na tsotsar ƙafata, ruwan sama ya sauko yana marina, mutum uku sun riƙe ni a jere ta baya. Da ruwa ya taɓa haɓata na ɗaga hannu iya tsawona. Ta cikin ruwan na ga tono ya ɗaga baki ya shige. Ban ga Ƙadri ba. Ban ga bido ba.

Sai igiya ta yi nauyi a hannuna.

Na ƙwala ihu, "Ku ja! Ku ja, don Allah!"

Muka ja. Gyale ya wuce, rawani ya wuce, kowane ƙulli in ya zo hannuna sai na ji yana shirin zamewa. Can sai ga bido, ga Ƙadri ya rungume shi da hannu biyu da haƙora. Muka kwantar da shi a laka ya amayar da rabin tabki. Da ya buɗe ido ni ya fara gani.

Ya ce, da ƙyar, "Ka ga tarwaɗar dai? Ta kai cinyarka."

Na ce na gani. Ban ƙara komi ba, abin da har yau ake ba da labarinsa a gari.

Tono yana can ƙasa. Ƙadri ya yi wani jirgin bayan girbi. Yanzu kowa ya san Sarkin Ruwa bai iya ruwa ba, kuma ba a fasa sayen kifinsa ba. Yana shiga da bido biyu ɗaure a ƙugu, kamar mai tallar fura. Sabuwar igiyar gaba sittin ce, ni na ɗauko ta a ka daga kasuwar Korgom na ajiye gaban Zara'u. Ta bi ta gaba-gaba tana dubawa, ta ja ƙarshen da ƙarfi, sannan ta miƙo mini kan tarwaɗa.

Shi kuma duk sanda zai shiga sai ya waiwayo ya ce, "Alkasim, zo ka ɗaure ragon." Ni nake ɗaurewa, ƙulli uku.