Hannuna Kaɗai Aka Nuna

Ina da taubashi, ɗan ƙanen Inna, wanda tun muna yara a Gummi ba a taɓa raba mana abu na ji nawa ya kai nasa ba. Ni na yi boko har na gama, shi kuwa bai yi nisa ba ya watsar, ya rataya gangar noma. Amma in Inna ta dama fura, ƙwaryarsa ce ke fara cika. Ubansa ya rasu yana goye, Inna kuma ta ce duk sanda ya yi dariya ƙanenta take gani. Ga shi ɗan namiji, ni ɗan mace, al'ada ta ba shi bakin kirana bawansa a gaban kowa, ni kuwa sai dai in yi yaƙe. Wallahi abin yana cina.

Da na samu aiki a gidan talabijin a Sakkwato na ɗauka magana ta ƙare. Ina! In an tambayi Inna sai ta ce ina can wurin masu hoto. In an tambaye ta shi kuwa, sai ta gyara zama.

Wata damina, a shekarun da gwamnati ke ta kiran a koma gona, shugaban sashenmu ya kira ni ya ce ana son rahoto kan samarin makaɗan noma, za a sa shi cikin labaran ƙasa da ake watsowa daga Ikko. Tunda ni ɗan yankin ne, ni zan je. Ban taɓa yin rahoton da ya wuce jiharmu ba. Amma ba Ikko na fara tunawa ba. Gidan kallon da aka buɗe a Gummi na tuna, da Inna zaune bisa tabarma tana ganin fuskata cikin akwatin talabijin, sau ɗaya dai, ba kowa kusa da ni.

Don haka da muka fito da mai kyamara da direba, garin Anka na ce a nufa, ko zan samu wasu makaɗan ba taubashina ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce, "Kai da ka da shi cikin gida? Ɗan kawunka za ka nema, yana Bukkuyum da yaranai, gobe suna da gayya Zugu." Haka na haɗiye, muka juya mota.

Muka iske su a Bukkuyum, samari ne zalla, shi ne babbansu, ko gemun kirki bai tara ba. Yana ganina cikin sabuwar kwat ya buɗe baki, "A'a, bawana yaz zo! Wa yab ba ka aron rigag ga?" Yaransa suka kwashe da dariya. Na daure na faɗa masa tsarina: za su jeru gindin wata tsamiya, ni a tsakiya, in yi bayani da Turanci, su kuma su ɗan taɓa kiɗa.

Ya ce, "Mu ba mu kiɗa ma tsamiya. Wa za mu wasa, ita? Sai mun ga mutum duƙe da galma."

Na matsa, suka gwada don kunya. Abin ya fito salam, su kansu suna kallon ƙasa. Mai kyamara, dattijo ne marar yawan magana, ya sauke ta daga kafaɗa ya ce gobe mu tafi gonar kawai.

A gayya makaɗan noma ba sa tsayawa wuri ɗaya. Manoma na jere suna huɗa, su kuma suna biye, wanda ya fara sanyi sai a kai masa ganga har kunne, a kira ubansa da kakansa da gonakin da suka tayar, sai ka ga mutum ya zabura kamar an tsikare shi. To abin maganar da ke hannuna sai yana kusa da bakin mawaƙi yake ɗauka. Mai kyamara ya ce in miƙa hannu, amma in janye jikina kada in tare hoto. Haka na yi ta bin taubashina kunya bayan kunya, a rankwafe, hannu a miƙe, takalmina ya cika da laka.

Kuma Allah ya ba shi murya, wannan ko ina jin haushi ba zan hana shi ba. Yana cikin wasa wani jarumin Zugu ya waiwayo ya gan ni, sai ya saka ni cikin waƙar, wai ga bawansa an aiko daga birni ya riƙe masa ƙarfe. 'Yan amshi suka karɓa, 'yan matan da suka kawo fura suka rangaɗa guɗa. Na yi murmushin dole saboda ana ɗauka.

Da aka tashi na goge fuska, na tsaya bakin gona ni kaɗai na zuba Turancina, na maimaita har sai da ya yi mini daɗi. Na ce a raina, nan ne wurina, nan ba ganga. Muka koma Sakkwato aka haɗa, aka aika kaset Ikko.

Ranar da aka ce za a sa, na roƙi izini na taho Gummi. Inna ba ta taɓa shiga gidan kallo ba, sai da na yi ta lallashi. Bayan isha'i aka tada janareta, maza a gaba, mata can gefe bisa tabarmi. Taubashina ya zo da yaransa suka zauna gaba-gaba.

Aka yi labarin manya, aka yi na ƙasashen waje, sai ga gonar Zugu. Mai karanta labarai ce ke faɗin kalmomina da bakinta. Fuskar taubashina ta cika akwatin, yana zufa, yana dariya, yana waƙa. Daga gefe ga wani hannu riƙe da abin magana yana binsa. Na ce yanzu za a nuno ni. Sai aka koma kan mai karanta labarai. An yanke tsayuwata gaba ɗaya. Sunana ya gifta a ƙasa da rubutun boko, wanda Inna ba ta karantawa.

Wuri ya kaure, samari suka ɗaga taubashina sama. Na leƙa wajen mata, na ga Inna tana share ido da bakin mayafi. Na san wanda ta gani.

A hanyar gida ina haska mata tocila. Sai ta ce, "Na ga hannunka. Tun da yab ɓullo nis san shi, ga tabon talgen nan da kaƙ ƙone kana rarrahe."

Zuciyata ta yi sanyi, har na rage tafiya don in ji sauran.

Ta ce, "Allah shi yi ma albarka da kar riƙe mai abin ga da kyau, had duniya taj ji muryatai."

Na ce amin. Sai ga taubashina ya iso da gudu ya kama hannunta, ya ce, "Bawana, haska muna hanya." Na wuce gaba na haska.