Geron da Bai Taɓa Yin Zangarniya Ba

Shekara huɗu na yi a wani labo, wato ɗakin binciken kimiyya, a ƙasar waje ina binciken gero. Da na dawo ƙauyenmu kusa da Bande na ce aure nake so, baffana, wanda zai je nema mini, ya zaunar da ni. Dole iyayen yarinya su tambayi sana'ata, shi kuwa ba ya zuwa gidan mutane ya yi inda-inda.

Na gyara zama kamar ina gaban manyan malamaina. Na ce muna aron sinadarin da ke sa maƙesu, ƙwaron nan na damina, yin haske, mu haɗa shi da ƙwayar gadon da muke zaton tana sa gero jure fari. In tana aiki sai haske ya fito, gwargwadon aikinta gwargwadon hasken.

"Madalla. To dami nawa ka samu?"

"Ba ya kaiwa zangarniya, Baffa. Ɓurɓushin ganye ne cikin ruwa."

"Hasken hwa, yana da kyau?"

Dole na faɗa masa gaskiya. Ban taɓa ganinsa ba. Ya yi wa ido ƙanƙanta, akwati muke sawa mu rufe, na'ura ta ba mu lamba.

Baffa ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa mara lafiya. Da ya je can sai ya ce musu ni manomi ne, na zamani.

Uban yarinyar ya aiko a kira ni. Ko gaisuwa ban gama ba ya ce, "Miƙo hannunka, ɗana." Ya juya tafina kamar mai tayin akuya a kasuwa. Wallahi ina son yarinyar nan, tafin kuwa laushi kamar na jariri. Kanta ɗaya tak ya samu, a babban yatsa, inda nake danna abin ɗiga ruwa.

Ya yi ta shafa ta cikin tausayi, ni kuwa ina yi masa bayanin lambar da na'ura ke ba mu.

"Na ba ka ita," ya ce. "Amma hatsinta daga rumbuna zai riƙa zuwa. Ban haihi ɗiya don ta ci lamba ba."

Har yau kowace kaka amalankensa na tsayawa a ƙofar gidana. Ana gayyata ta taro in yi jawabi a kan makomar gero, in dawo gida in ci nasa.